Akiliya, Shukar Da Ba Ta Son Gata: Yadda Ake Renonta A Lambun Ƙasar Sanyi

Ranar da na fara jin sunanta a bakin maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya da shingen katako ne kawai ya raba lambuna da nata, sai da na waiwaya ina neman yaron da take magana a kai. Turawan Ingila yarrow suke ce mata, a kunnen Bahaushe kuwa "yaro" ne sak. Don kada mu riƙa cewa a binne yaro a ƙasa ko a tsaga yaro gida huɗu, zan kira ta akiliya, daga sunanta na kimiyya, Achillea millefolium. In ka je shagon sayar da shuke-shuke dai, da ɗaya daga cikin sunayen nan biyu na Turawa za ka neme ta.

Shukar ƙasashen sanyi ce. Tana fitowa da kanta a Turai, da arewacin Asiya, da Amurka ta Arewa, a gefen titi, a makiyaya, har a tsakiyar ciyawar filin wasa. Masanin tsirrai na Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa mata sunan nan a 1753. Rabin farko na sunan daga Achilles ne, jarumin tatsuniyoyin Girka da ake cewa da ganyenta yake tsayar da jinin mayaƙansa. Rabin na biyu yana nufin mai ganye dubu, domin kowane ganye a tsattsage yake siri-siri kamar gashin tsuntsu. Ka murza shi a yatsa ka sunsuna, ni tazargade yake tuna mini, kuma ba mamaki, danginsu ɗaya. Ba irin shukar da ake sake shukawa duk shekara ba ce: hunturu ya zo samanta ya bushe, saiwar ta kwanta a ƙasa, Maris na yi ta sake tohowa. Tana jure sanyin da ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili, don haka wanda ke Kanada ko arewacin Amurka ma ba shi da fargaba.

Kuskuren da na fara yi shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Mu da muka tashi muna ganin ana kai taki gona a kan jaki, a jininmu yake cewa shuka ba ta ƙin taki. Na sayo tushe uku, na haƙa rami, na zuba takin doki mai kyau, na riƙa ba su ruwa safe da yamma kamar mai renon tumatir. Suka yi tsawo kuwa, ganye kore shar, ina ta alfahari. Ruwan sama ɗaya mai iska a watan Yuli, na fito da safe na tarar da su kwance male-male a kan hanya, tsakiyarsu a buɗe kamar an zauna a kai. Hunturu na wucewa, tushe ɗaya ne ya tashi. Maƙwabciyar nan tawa da ta leƙo ta shinge, abin da ta nuna mini kawai shi ne nata, waɗanda ke tsaye ƙyam a cikin tsakuwa a gefen inda take ajiye mota, ba wanda ya taɓa ba su ko cokalin taki. Akiliya shukar jigawa ce, ni kuwa na mayar da ita 'yar fadama.

Zaɓen wuri da gyaran ƙasa

Fara da rana. Kafin ka sayi komai, ka ɗauki yini guda na lokacin zafi kana lura da inda rana ke daɗewa a lambunka. Akiliya na son aƙalla awa 6 na rana kai tsaye. A Ingila wannan yawanci yana nufin gefen da ke fuskantar kudu ko yamma. A inuwa ba za ta mutu ba, amma za ta yi ta miƙa wuya tana neman haske, karanta ya yi laushi, furen ya yi kaɗan.

Sai ƙasa, kuma nan ne aikin yake. Abin da ke kashe akiliya a ƙasar sanyi ba sanyin ba ne, kwanciyar ruwa ne a gindinta daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Gwada wurin tukuna: haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, ka tafi harkarka. In ka dawo bayan 'yan awoyi ka ga ya tsotse, wurin ya yi. In ka kwana ka tashi ruwa na nan, ƙasarka yumɓu ce, irin wadda lambunan bayan gida da yawa a Ingila ke da ita.

Mai yumɓu yana da hanya biyu. Ko dai ya gauraya ƙananan tsakuwa da yawa a duk faɗin wurin, ko ya tada kunya mai tudun kamar taƙi ɗaya ya dasa a samanta, yadda ruwa zai gangara ya bar gindin. Ni na biyun na fi amincewa da shi, bai da tsada kuma hannunmu ya saba. Abin da ba na so ka yi shi ne ka haƙa rami a cikin yumɓu ka cika shi da yashi kaɗai. Ka gina wa shukar ƙaramar rijiya ke nan, duk ruwan kewaye nan zai taru.

Taki kuwa, ka riƙe hannunka. In ƙasar ta mutu ƙwarai, ɗan takin ganye da ya ruɓe sosai, cikin tafi biyu a kowane rami, ya isa. Takin zamani mai sa ganye ya yi kore kada ma ya kusanci wurin.

Wace iri za ka saya

Ta daji fara ce, wani lokaci da ɗan ja-ja, tsawonta daga taƙi ɗaya zuwa kusan ƙugu. Ita ta fi kowa ƙarfin hali, ita kuma ta fi kowa mamaye wuri. Masu lambu sun fitar da launuka da dama. Akwai Cerise Queen mai ruwan hoda mai duhu, da Paprika ja mai ɗigon rawaya a tsakiya, da Terracotta mai launin jar tukunya. Ka sani tun yanzu cewa jajayen nan suna koɗewa: furen da ya buɗe ja wur, bayan mako biyu zuwa uku sai ya koma fari-fari. Wasu na jin haushin haka. Ni ina son ganin launi uku a tushe ɗaya.

Masu rawaya daban suke. Moonshine, wadda Alan Bloom ya fitar a lambunsa na Bressingham da ke Norfolk, ganyenta toka-toka ne, ba ta da tsawo sosai, kuma ba ta yawo. Coronation Gold ta samo sunanta daga naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1953. Gold Plate kuma doguwa ce, tana wuce mita ɗaya, kan furenta ya kai faɗin tafin hannu. Waɗannan a dunƙule suke zama wuri guda. In lambunka ƙarami ne, irin na gidan haya mai faɗin tabarma huɗu, da su zan ce ka fara. Aibinsu ɗaya, da su da jajayen: a ƙasa mai nauyi ba sa daɗewa, shekara uku ko huɗu sai su fara ja da baya in ba a raba su ba.

Shuka daga iri

Sayen tushe a tukunya ya fi sauri, amma fakitin iri ɗaya zai ba ka abin da za ka cika lambu har ka raba wa mutane. Irin ya fi riɗi ƙanƙanta, kuma yana da sharaɗi guda da mutane ke yawan karyawa: sai ya ga haske yake tsirowa. Ba a binne shi.

A watan Maris ko farkon Afrilu, wato kamar mako 8 zuwa 10 kafin sanyin ƙanƙara na ƙarshe, ka samo faranti mai huji a ƙasa, ka cika shi da ƙasar renon iri, ka jiƙa ta tun kafin ka zuba komai. Barbaɗa irin sama-sama, kada ya yi cunkoso. In hannunka na da nauyi, gauraya shi da ɗan busasshen yashi kamar yadda ake yi wa irin alayyafo. Danna shi da tafin hannu ya manne da ƙasa, shi ke nan. Rufe farantin da farar leda ko murfin roba mai nuna ciki, ka ajiye a bakin taga mai haske inda ɗumi ya kai digiri 18 zuwa 21. Wajen ba da ruwa, kada ka kwarara daga sama, za ka wanke irin zuwa kusurwa ɗaya. Zaunar da farantin a cikin tire mai ruwa ya sha ta ƙasa.

Cikin mako biyu zuwa uku za ka ga tsiro. Da sun fito ka cire ledar, in ba haka ba gumi zai ruɓar da su daga wuya. Idan suka yi ganyen gaske, wato mai tsattsagewar nan, ka ɗaga kowanne da bakin cokali, ka riƙe shi ta ganye ba ta kara ba, ka mayar da shi ƙaramar tukunyarsa.

Kada ka fitar da su waje rana ɗaya. Shukar da ta tashi a ɗaki ba ta san iska ba. Ka riƙa fitar da su da rana kana shigo da su da dare har kwana 7 zuwa 10. A kudancin Ingila tsakiyar Mayu ake dasawa, mu na arewa mukan jira ƙarshen wata. Abu ɗaya kuma: iri da ka tara daga mai launi ba lallai ya haifi irin uwarsa ba, yawanci fari ko ruwan hoda mai haske yake komawa. In launi takamaimai kake so, sai dai tushe.

Dashe

Tsakanin tushe da tushe ka bar kamu ɗaya, kimanin santimita 45. Dogayen nan masu rawaya ka ba su 60. Ranar dashe wurin zai yi maka kama da fili, za ka ji kamar ka ƙara cusa wasu. Kada ka yi. Zuwa shekara ta biyu sun haɗe, kuma iskar da ke ratsa tsakaninsu ita ce maganin fumfuna.

Ramin ya yi daidai zurfin tukunyar, faɗinsa ya ninka ta biyu. Wuyan shukar, inda ganye ya haɗu da saiwa, ya zauna daidai da fuskar ƙasa ko ya ɗan ɗara ta. Wanda ya binne wuyan ya gayyato ruɓa. Danne ƙasar da hannu, ba ta ruwa sosai sau ɗaya. In za ka rufe gindin don hana ciyawa, tsakuwa ta fi ɓawon itace, domin ɓawo na riƙe laima. Makonnin farko ka sa ido kan dodon koɗi, musamman marar ƙwanson nan da ke fitowa da dare, yana iya share ƙaramin dashe kafin asuba. Da ganyen ya yi ƙwari ba ya kula shi.

A shekarar farko, in mako ya wuce ba ruwan sama, ka ba ta ruwa sau ɗaya mai yawa, ya fi yayyafi kullum. Daga shekara ta biyu ka manta da ita. A zafin 2022, lokacin da ma'auni ya haura digiri 40 a Ingila karo na farko a tarihi, aka kuma hana ban ruwa da tiyo a yankuna da dama, ciyawar lambuna ta zama kamar harawa. Akiliya na tsaye da furenta. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wadda ke cikin tukunya ce kawai ba za a yi wa haka ba, ita sai an duba ta, a ba ta ruwa in saman ƙasar ya bushe.

Baƙin da za ta jawo maka

Abin da ya sa na ƙi rabuwa da ita bayan asarar farko ke nan. Abin da kake gani kamar fure ɗaya, taron ƙananan furanni ne masu yawan gaske, a shimfiɗe kamar faifai. Ruwan zaƙinsu ba shi da zurfi, don haka ƙwaron da bakinsa gajere ne, wanda ba zai iya zura kai cikin dogon fure ba, nan yake samun abinci, ga kuma wurin sauka a baje.

Ka ɗauko kujera da hantsi a watan Yuli ka zauna kusa. Za ka ga wasu ƙudaje masu zanen rawaya da baƙi kamar zuma, suna tsayawa cak a iska kafin su sauka. Ba sa harbi, kwaikwayo ne kawai. Tsutsar da yawa daga cikinsu ƙwarin darɓa take ci, waɗannan ƙananan masu manne wa ganye suna tsotse shi. Za ka ga jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigo baƙi, shi ma darɓa ce abincinsa. Akwai ƙananan zanzaro da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, masu saka ƙwai a jikin tsutsar da ke cin kabeji. Ga ƙananan ƙudan zuma na daji da ba sa zama a amya, ga malam-buɗe-littafi. Shi ya sa na dasa layi ɗaya a bakin inda nake shuka wake da kabeji. Ban ce darɓa ta ƙare ba, amma na daina sayen maganin feshi.

Wannan na nufin kai ma ka ajiye feshin. Ba ma'ana ka kira baƙi walima ka zuba musu guba a akushi. In darɓa ta taru a kan tohon akiliyar kanta, murje ta da yatsa ko ka wanke da ruwa, sauran ka bar wa masu ita.

Yanka da aski

Mai dogayen iri, ko wanda ƙasarsa ta riga ta ƙoshi da taki, yana da dabara ɗaya. A ƙarshen Mayu, kafin fure ya fito, ka rage tsawon karan da kashi ɗaya cikin uku. Masu lambu a Ingila suna danganta wannan aski da bikin nunin furanni na Chelsea da ake yi a Landan, don lokacinsu ɗaya. Shukar za ta yi rassa, ta yi gajarta, ta tsaya da ƙafarta, furen ya ɗan makara. Ni rabin tushen nake yi wa, na gaba, in bar na baya. Na baya su fara fure, na gaba su karɓa.

Fure na farawa a Yuni. Duk kan da ya koɗe ya fara zama ruwan ƙasa, bi karansa ƙasa har inda ka ga ƙaramin toho a hammatar ganye, ka yanke a samansa. Yin haka na iya kai ka Satumba da fure. Yana kuma hana ta zubar da iri ko'ina.

In za ka yanka don ado a ɗaki, jira sai furannin sun buɗe duka har ka ga garin rawaya a kansu. Wanda aka yanka da wuri, kafin la'asar ya sunkuyar da kai. Na busarwa kuma a ɗaure su dami-dami ƙanana, a rataye kai ƙasa a wuri mai iska marar rana. Masu rawaya sun fi riƙe launi.

Furen ƙarshe na kaka ni ba na yanke shi. Busassun kawunan suna tsayawa duk hunturu, ƙananan ƙwari na fakewa a ciki, kuma ranar da raɓa ta daskare a kansu abin kallo ne. Sai ƙarshen Fabrairu ko Maris nake yanke su, ina kiyaye sabon ganyen da ke fitowa a gindi.

Rabawa, da hana ta cin iyaka

Ta daji da 'ya'yanta masu launi suna tafiya ta ƙarƙashin ƙasa da saiwa mai rarrafe, kamar tofa, ko da yake ba su kai tofa taurin kai ba, saiwar ba ta nisa kuma tana fizguwa da hannu. Duk Maris ka zagaye tushen da shebur, ka sare abin da ya wuce inda ka yarda, ka tsince gutsattsarin, don kowane guntu shuka ne. Kada ka zuba su cikin tarin takinka.

Bayan shekara uku za ka lura tsakiyar tushen ta yi sanƙo, ƙarfin ya koma gefe. Lokacin rabo ya yi. A Maris ko Afrilu, ko a Satumba in ƙasarka ba mai riƙe ruwa ba ce, ka tono tushen gaba ɗaya, ka karkaɗe ƙasar, ka tsaga shi da hannu ko da bakin shebur. Kowane kashi ya kai girman dunƙulen hannu, da saiwarsa da tohonsa uku ko huɗu. Tsohuwar tsakiyar ka yar. Dasa sauran a ranar, ka ba su ruwa kamar sabon dashe. Wannan ne ke tsawaita ran masu launin nan da na ce ba sa daɗewa.

Cutar da za ka fi gani ita ce farin fumfuna, kamar an barbaɗa wa ganye toka, yawanci a ƙarshen zafi inda shuka ta cunkushe. Yanke abin da ya kamu, ka rage cunkoson. In kuwa kara ya yi baƙi daga gindi yana wari, ruwa ne ya kwanta, sai dai ka tsame abin da ya rage ka kai shi tudu.

Hattara guda huɗu

Ruwan ganyenta na sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, musamman in rana ta bugi wurin, don haka ka sa safar hannu ranar yanka mai yawa. Tana da illa ga kyanwa, kare da doki in suka ci da yawa. Kuma duk da tsohon sunan da ta yi a maganin gargajiyar Turai wajen tsayar da jinin rauni, mai juna biyu ta nisanci shan ta, mai shan maganin asibiti kuma ya tambayi likitansa kafin ya dafa ta ya sha.

Na ƙarshen ya fi nauyi, ga wanda zai ce bari ya tono ta daji a gefen hanya ya huta da saye. Baya ga cewa dokar Birtaniya ta hana tumɓuke shukar daji ba da izinin mai fili ba, akwai wata mai farin fure da baƙo zai iya ɗauka ita ce, wadda Turawa ke kira hemlock, gubar da aka ba masanin falsafa Socrates ya sha a Atina. Ga yadda za ka bambanta su. Karan akiliya siriri ne mai ɗan gashi, ganyenta na ƙamshi. Karan hemlock sumul yake, mai rami a ciki, da ɗigo-ɗigon shunayya kamar an yayyafa masa tawada, yana kai mita biyu, warinsa kamar na ɓera, furanninsa kuma duk daga wuri ɗaya suke tashi kamar ƙarafan laima. In ka ga ɗigon nan a kara, ko taɓawa kada ka yi.

Hanya mafi sauƙi dai ita ce ka leƙa shingen maƙwabta a watan Maris. Duk mai akiliyar da ta shekara uku yana neman wanda zai ba. Nawa na yanzu, a cikin ledar burodi aka miƙo mini su ta saman shinge, da ƙasarsu da tsakuwarsu.